Gani Ya Kori Ji: Ɗan Kallo a Gasar Jifan Faifai

Akwai wani wasa a ƙasar Amurka da ƙasashen arewacin Turai wanda masu shi ke kira golf na faifai, gama ƙa'idodinsa daga wasan golf aka aro su. Bayaninsa ba wuya. Mutum ya kan riƙe faifai na roba, faɗinsa bai gaza santimita 21 ba, nauyinsa kuwa bai wuce giram 200 ba, ya tsaya bisa wani dandamali da aka shata, ya wurga shi wajen wani kwando na ƙarfe da aka kafa bisa sanda, can nesa cikin itatuwa. Inda faifan ya faɗi, nan zai je ya tsaya ya sake jifa, har ya shiga kwandon. Daga dandamali zuwa kwando zango ɗaya ke nan, fili guda kuwa galibi zango 18 gare shi, ko 9. Wanda ya gama zangunan duka da mafi ƙarancin jifa, shi ya ci.

Wanda ya tsara wasan bisa wannan siffa wani Ba'amurke ne, Ed Headrick. A shekarar 1975 ya shata fili na farko mai ɗorewa a lambun Oak Grove, wajen birnin Pasadena cikin jihar Kalifoniya, a 1976 kuma ya kafa jam'iyyar masu wasan wadda a ke kira PDGA, ita ce ke riƙe da littafin dokokinsa har wa yau. Yanzu filayen wasan sun haura 15,000 a duniya. Fiye da 10,000 a Amurka su ke, fiye da 1,000 kuma a ƙasar Finlan, wadda mutanenta ba su cika miliyan 6 ba. Yawancinsu cikin lambunan gari su ke, ba a biyan ko anini kafin a shiga.

To, mafi yawan masu jifan nan ba su taɓa shiga gasa ba, ba su kuwa da niyya. Masu wasan marmari ne: kafinta, da akawu, da direba, da malamin makaranta, waɗanda kan tashi daga aiki da la'asar su ɗauki faifai biyu ko uku su zaga fili da abokansu. Sai wata Asabar irin wannan mutum ya zo kamar yadda ya saba, ya tarad da sanarwa a bakin fili cewa yau gasa a ke yi, ba damar wasa sai gobe. Waɗansu kan juya su na gunaguni, wai baƙi sun ƙwace musu wuri. Maganar wannan shafi a kan mutumin nan ta ke, kuma ra'ayin shi ne kada ya juya. Ya tsaya ya yi kallo. Yinin nan guda zai amfane shi fiye da wasan wata shida, abin da zai ƙaru da shi kuwa ya wuce iya jifa.

Sai a fara da siffar gasar kanta, domin mai karatu ya ga abin da ɗan kallo ke gani. Ƙaramar gasa ta gari, wadda jam'iyyar ta ajiye a mataki na ƙasa cikin matakanta, ba ta da rumfar manyan baƙi, ba ta da maroƙa. Tebur guda ne ƙarƙashin inuwa, da shugaban gasa, wanda sau da yawa aikin sa kai ya ke yi. Da safe ya kan tara 'yan wasa ya karanta musu iyakokin fili: hanyar mota waje ce, rafi waje ne, bayan shingen nan waje ne. Sa'an nan a raba su ƙungiya ƙungiya, galibi mutum huɗu huɗu, doka ba ta yarda su gaza uku ba. Akwai rukunin gwanaye masu karɓar kuɗi in sun ci, akwai na 'yan koyo masu karɓar faya-fayai da kaya, akwai na mata, da na yara, da na waɗanda suka kai shekara 40, da 50, da 60. Ko wace ƙungiya ta tafi zangonta, a busa ƙaho, a fara.

Abu na farko da zai ba ɗan kallo mamaki shi ne shiru. Shi ya saba da wasan hira, wani na jifa wani na ba da labari. Nan kuwa da mutum ya hau dandamali sai kowa ya tsaya cik, ba mai motsi inda idon mai jifa zai kai. Wanda ya fi ƙarancin jifa a zangon baya shi ke farawa. Bayan kowa ya yi jifan fari, wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke da hanya, sauran su tsaya bayansa. Ba wanda ke tsawatawa, ladabi ne kowa ya zo da shi daga gida.

Abu na biyu shi ne nisan jifa, shi ne kuwa tarkon da ya kamata a gargaɗe shi a kansa. Mai wasan marmari in ya yi ƙoƙari ya kan kai mita 60 ko 80. Sai ya ga wani saurayi siriri ya taka sau uku ya juya ƙugu, faifai ya tashi ya yi kwana a sama kamar shirwa, ya sauka bayan mita 120. Manyan gwanayen duniya ma su kan wuce mita 150. Nan zuciyarsa za ta ce masa ai asirin ke nan, gobe sai kanti, a sayo faifai mai kaifin baki irin na saurayin. Wannan kuskure ne, masu kanti kaɗai ke cin ribarsa. Faifai mai kaifin baki, irin wanda kamfanin Innova ya fara fitarwa a 1983, ya na bukatar hannu mai sauri. A hannun ɗan koyo da wuri ya ke karkata ya faɗi gefe, har mai dunƙulallen baki ya fi shi tafiya.

In ya daure ya bi ƙungiya guda daga zangon fari har na ƙarshe, zai ga abin da ya rushe masa wannan zato. Zai ga wani dattijo mai furfura wanda jifansa bai fi nasa nisa da yawa ba, amma ko yaushe faifansa na tsakiyar hanya. In itace ya tare masa gaba ba ya neman ratsawa ta ƙaramar kafa, sai ya fitar da faifan fili, ya yarda da hasarar jifa ɗaya domin kada ya yi hasarar uku. In ya matso kwando, sai a ji sarƙa ta yi ƙara. Saurayin kuwa yau ya na bakin kwando, gobe ya na cikin rafi, ko wace fita waje kuwa jifa ɗaya a ke ƙara wa mutum tara. Da aka tara lissafi da yamma, ba abin mamaki ba ne a ga dattijon na gaba. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san mai cin riba kaɗan kullum, ya kuma san mai jiran kasuwa ta yi tsalle, ya san wanda a cikinsu kan kai shekara da jarinsa.

Wurin da a ke ci a ke faɗuwa shi ne da'irar mita 10 da ke kewaye da kwando. A cikinta doka ta ƙara tsanani: wanda ya yi jifa tilas ya nuna ya tsaya daram bisa ƙafafunsa kafin ya taka gaba. Mai wasan marmari bai taɓa ɗaukar jifan mita 5 a bakin komi ba, gama in ya kuskure abokansa kan ce ai ta shiga, ɗauki abinka. A gasa ba mai cewa haka. Zai ga babban mutum hannunsa na rawa a kan jifan da yaro zai iya, ya ga faifai ya bugi bakin kwando ya mirgina gangare ya koma nesa fiye da inda ya fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga nan ɗan kallo zai fara yi wa kansa hisabi, wannan kuwa ita ce babbar fa'idar yinin. Shekara da shekaru ya na cewa shi a filin nan jifa 60 ya kan yi. Amma a cikin 60 ɗin nan bai lissafa jifan fari da ya ɓaci ya sake ba, bai lissafa ranar da ya janye faifai taki biyu daga cikin ƙaya ba, bai lissafa waɗanda aka yafe masa a bakin kwando ba. A gasa ba sakewa. Ko jifan gwaji mutum ya yi tsakiyar wasa, tara a ke rubuta masa. Ƙafarsa kuwa tilas ta sauka cikin ɗan wuri, santimita 20 a faɗi, 30 a tsawo, daidai bayan inda faifansa ya kwanta, ko da cikin sarƙaƙiya ne. In faifai ya ɓace, minti 3 a ke nema, in ba a gani ba ya koma inda ya yi jifan ya sake, da tara a kansa. Da ɗan kallo zai auna wasansa da wannan mudu, watakila 60 ɗinsa ta zama 70. Kamar ɗalibi ne mai bita shi kaɗai a ɗaki: duk inda ya yi tuntuɓe ya kan tsallake, ya fito ya na zaton ya kiyaye, sai ran da ya zauna gaban malami kana ya san matsayinsa. Ba ƙarya ya ke yi wa mutane da gangan ba. Kansa ya ke yi wa rangwame, har ya manta rangwame ne.

Jam'iyyar PDGA ta na da wani ma'auni da ta ke ba ko wane mambanta bisa ga wasanninsa na gasa. Wanda ya kai 1000 gwani ne, ko wane jifa ɗaya kuwa ya kan tashi kimanin maki 10 a matsakaicin fili. Rukunin sababbin shiga na waɗanda ba su kai 850 ba ne. Watau tsakanin gwani da sabon shiga akwai kamar jifa 15 a zagaye guda, kusan jifa ɗaya a ko wane zango. Wannan lissafi ya na ƙasƙantar da mai girman kai, ya na kuma ƙarfafa mai jin kunya, gama ya nuna ratar nan ba tsafi ba ce. Jifa ɗaya ɗaya ce, wadda a ke ragewa da kiyaye iyaka da gyaran jifan kusa.

Saura magana mafi nauyi. Ɗan kallo zai duba gabas ya duba yamma, ba zai ga alƙalin wasa ba. Shugaban gasa na can wajen teburinsa, mutum huɗun nan su ne alƙalan junansu, alhali kuwa ko wane ɗayansu so ya ke ya ka da sauran. Bayan ko wane zango a kan kira sunan mutum ya faɗi adadin jifansa da bakinsa, a rubuta. In wani ya ga ƙafar abokinsa ta ƙetare, shi zai faɗa, amma tara ba ta hawa sai wani na biyu ya gaskata. In aka yi shakka ko faifai na ciki ko na waje, ƙungiya ke yanke hukunci bisa rinjaye, in rinjaye bai samu ba a ba mai jifa abin da ya fi masa sauƙi. In gardama ta ƙi ƙarewa, ya na iya buga zangon ta fuska biyu, a rubuta duka, a kai wa shugaban gasa ya zaɓa. Wanda ya miƙa lissafi da kuskure a kan ƙara masa jifa 2 bisa adadinsa na gaskiya. Wanda kuwa aka tabbatar da gangan ya rage, korarsa a ke yi daga gasar.

Akwai abin lura cikin tarihin kwandon kansa. Filin Oak Grove da fari sanduna ne kurum aka kafa, a na jifansu. Sai gardama ta yi yawa: wannan ya ce faifaina ya taɓa sanda, wancan ya ce bai taɓa ba. Headrick ya rataya sarƙoƙi bisa kwando domin su kama faifai su zubar da shi ciki, ya sami takardar mallakar wannan ƙira a 1977. Ƙarfe ya kashe gardama guda. Amma sauran mas'alolin, inda ƙafa ta sauka, da inda faifai ya ƙetare iyaka, da adadin jifan da aka yi bayan kurmi inda ba mai gani, ba ƙarfen da zai kashe su. Amana kaɗai ke riƙe da su. Har al'adar rubuta suna da lambar waya a cikin faifai, domin wanda ya tsinta ya mayar, duk reshen wannan amana ce.

Amanar nan kuwa yau ta na cikin jarrabawa, gama kuɗi sun shigo. Daga shekarar 2020, lokacin annobar korona, jama'a suka yi ta kwarara cikin wasan da ya ke a sarari a ke yinsa. A 2021 Paul McBeth ya sa hannu da kamfanin Discraft bisa dala miliyan 10 cikin shekara 10. A shekarar kuma, wajen gasar duniya a jihar Yuta, James Conrad ya jefa faifai cikin kwando daga nisan ƙafa 247, wajen mita 75 ke nan, a zangon ƙarshe, ya kamo McBeth, ya kuma ka da shi a zangon raba gardama. Mutane masu ɗimbin yawa suka kalli jifan nan a wayoyinsu. A 2025 aka kai gasar duniya ta gwanaye ƙasar Finlan, karo na farko ke nan da ta ƙetare teku zuwa Turai. Duk wannan ci gaba ne, ba mai ƙinsa. Amma wanda ya san wasan daga waya kaɗai, abin al'ajabi ya sani, bai san ladabin da ke ƙarƙashinsa ba. Sababbin shiga dubbai ba za su koyi faɗin gaskiyar lissafi daga hoton jifan Conrad ba. A ƙaramar gasa ta gari za su koya, inda za su ji wani ya ce a rubuta masa biyar, alhali abokansa huɗu suka ƙirga.

Mai musu zai ce wannan yabo ya yi yawa. Zai ce inda ba alƙali, mai baki ya kan danne mai kunya, aboki ya kan kau da kai ga laifin aboki, mutane da yawa kuma sun gwammace su yi shiru da su ɓata wa wani rai. Gaskiya ne, a na yin haka, masu wasan da kansu su na kuka da shi, musamman kan ƙetare ƙafa da jan lokaci. Amma a duba magani. Gasa mai zango 18 in za a sa alƙali a ko wane zango, mutum 18 ke nan, ƙaramin gari kuwa ba shi da kuɗinsu, sai kuɗin shiga ya hau, talaka ya fita. Kuma ran da aka ɗora gaskiya a wuyan alƙali, 'yan wasa sun sauke ta daga nasu, abin da alƙali bai gani ba ya zama halal ke nan, kamar yadda a ke gani a waɗansu wasanni. Kasuwar da a ke ba da bashi da baki ita ma ba ta rasa macuta, duk da haka ba mai hankalin da zai ce a daina yarda da juna. Abin da ke tsare irin wannan kasuwa shi ne idon jama'a, da sanin cewa sunan mutum ya na biye da shi. Nan ɗan kallo ke da amfani. Doka ba ta ba shi ikon kiran laifi ba, daidai ne kuwa da ba ta ba shi ba, amma tsayuwarsa kaɗai shaida ce. Ƙungiyar da mutum biyar na gari ke biye da ita ta fi kiyaye ƙafarta bisa wadda ke cikin kurmi ita kaɗai.

Wani kuma zai ce yini guda cur wajen kallon masu jifan roba ɓata lokaci ne. Wanda ke da aikin da ya fi, ya tafi aikinsa, ba laifi. Maganar da wanda ya riga ya ba wasan nan maraicensa a ke yi. Tun da ya na yi, gara ya san haƙiƙanin abin da ya ke yi.

Saboda haka ga shawara ga mai wasan marmari. Ya tafi da wuri ya gai da shugaban gasa, ya tambayi inda ya halatta ya tsaya. Kada ya bi rukunin gwanaye kaɗai, ya bi na dattawa ko na mata zango tara, gama jifansu ya fi kusa da nasa, dabarunsu kuwa zai iya ɗauka. Ya tsaya bayan mai jifa, ya kashe ƙarar wayarsa, kada ya taɓa faifan da ya gani a ƙasa, ko da ya zaci ɓatacce ne, gama inda ya kwanta nan mai shi zai tsaya. In shugaban gasa na neman mai tsaron zango mai duhu, wanda kan riƙe tuta ja da koriya ya nuna ko faifai ya fita ko ya na ciki, ya miƙa kansa. Babu mazaunin kallo da ya fi wannan, gama 'yan wasa duka ta gabansa za su wuce, ya ga yadda mutum saba'in suka warware mas'ala guda. Su kuma masu shirya gasa, haƙƙi ne a kansu su sanar da rufe fili tun da sauran kwanaki, su kuma karɓi ɗan kallo da fuska, domin filin na gari ne, aronsa suka yi.

Kashegari fili zai buɗe. Mutumin ya komo da faya-fayansa uku, ya buga zagaye guda bisa doka, ba sakewa, ba rangwame, ya rubuta abin da ya samu ko da ya yi masa ɗaci. Wannan adadi shi ne jarinsa na gaskiya, daga kansa ne zai san ko gaba ya ke yi ko baya. In ya ga dama wata shekara ya sa sunansa cikin rukunin sababbin shiga, in bai ga dama ba ya ci gaba da wasansa na la'asar, ba wanda zai zarge shi. Haza wassalam.